Abin da Ya Rage na Waƙar Petru

Da hantsi ne, rana ta fito fes bayan ruwan da aka kwana ana yi, ganyen kwakwa na ta ɗiga a tsakar gida. Ammachi, mahaifiyata, ta ajiye igiyar ɓawon kwakwa da take murzawa, ta goge hannunta a zane, ta ce, "Lonan, yau za ka kai ni."

Ban tambaye ta ina ba. Kwana shida ke nan da aka kawo fim ɗin rumfar sinima ta bakin kasuwa, can tsallaken tafki, kuma kwana shida ina roƙonta tana cewa a'a. Ranar ce ta ƙarshe. Na san abin da ya juya mata rai. Jiyan ranar tunawa da matattu ce, kowa ya tafi maƙabartar coci da kyandir. Ammachi ta sayi biyu. Ta kunna ɗaya a kabarin mahaifinmu, ta tsaya da ɗayan a hannu tana duba nan tana duba can, har mutane suka watse. Ta ƙulle shi a bakin mayafinta muka dawo gida.

Yayana Petru ba shi da kabari a garinmu.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yanta, shi ne babba da shekara biyar. Allah ya ba shi murya. Duk bikin coci in an kafa dandali a kan yashi za a yi wasa, shi ake jira. In ya gama waƙa mutane su ɗauki ihu, "A maimaita! A maimaita!" shi kuwa ya maimaita, don haka ake yi a wajenmu. Akwai shekarar da aka soke shi da takobin katako ya faɗi ya mutu, jama'a suka ƙi yarda, ya tashi ya karkaɗe yashi ya sake rera waƙar tun daga farko, sannan ya koma ya kwanta daidai inda ya tashi. Ammachi ce kan gaba wajen ihun nan, ba ta jin kunyar kowa.

Sai wani mutum mai wando da takalmi ya zo neman masu waƙa. Ya ce har yaushe za mu yi ta kallon fim da yaren Tamil, yanzu za a fara yi da namu Malayalam, amma tun da babu wurin ɗauka a ƙasarmu sai an tafi Salem. Petru ya ɗauki akwatin kwanonsa ya bi shi. Wasiƙa biyu ya aiko, malamin makarantar coci ya karanta mana. Ta uku ba rubutunsa ba ne. Zazzaɓi, aka ce, kwana tara. An binne shi can, wani Fada, limamin coci, da ba mu sani ba ya yi masa addu'a.

Ni na ga fim ɗin tun yana sabo, shekara ɗaya da rabi da suka wuce, ranar da muka kai igiya Kochi. Petru ba shi ne babban ɗan wasa ba, mai tuƙa kwalekwale ne, fitowa ɗaya yake yi. Wata mata ta zo bakin ruwa tana kuka, ta sauke tulunta a ƙasa, sai ga shi ya ɓullo daga gefe yana tuƙi yana waƙa. Baiti biyar. A na uku aka matso da fuskarsa har ta cika farin ƙyallen da ake haska fim a kai, na ga haƙorinsa da ya ɓalle ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Mutanen Kochi suka yi ta ihu a maimaita, mai inji ya mayar da shi baya har sau biyu. Na gan shi sau uku a zama ɗaya.

Da na dawo na ba Ammachi labari, abu ɗaya ta tambaya: "Ya rame?" Na ce bai rame ba. Na so in kai ta a makon, amma Kochi da nisa, ga ciwon gwiwarta, ga Fadan cocinmu ya ce sinima ba wurin matar kirki ba ce. Na ce bari dai, ai zai zagayo kusa da mu. Fim kuwa ya yi ta yawo gari gari, har sai yanzu.

Ta sa fararen kayanta na zuwa coci. Muka ci sauran rogo da kifin jiya, muka fito. Maƙwabciyarmu Kunjeli na bugun ɓawo a bakin ruwa, ta ɗago kai ta kira Ammachi da sunanta, ta haɗa da chedathi, wato yaya.

"Eliswa chedathi, ina zuwa haka kamar ranar Ista? An yi miki miji ne ba mu ji ba?"

"Zan je ganin ɗana."

Kunjeli ta koma kan bugunta.

A cikin jirgin ruwa Ammachi ta sa na sake faɗa mata yadda abin yake bi da bi, ko da yake ta ji ya fi sau ashirin. Sannan ta kwance bakin mayafi ta nuna mini kyandir ɗin da kwalin ashana.

"Ba zan kunna masa tun kafin ya zo ba," ta ce. "Ba a kunna wa wanda ba ya wurin. In ya zo zan kunna. Zai daɗe?"

"Zai daɗe, Ammachi. In kin ga matar ta sauke tulu ki kunna, sai ki ɗago ki yi ta kallonsa. Ya kai ki ja addu'a goma a carbi bai tafi ba."

"Ka tabbata?"

"Da idona na gani."

Haka na faɗa mata, kuma ban yi ƙarya ba.

Rumfar doguwa ce, an rufe ta da saƙaƙƙen ganyen kwakwa ruɓi biyu don haske kada ya shigo. Masu hali suna kan benci a baya, mu muna gaba a kan yashi. An ja igiya a tsakiya, maza gefe mata gefe. Na so mu zauna daf da igiyar ni da ita, amma ranar ƙarshe ce, wuri ya cika. Wasu mata masu sayar da kifi suka matsa mata can tsakiyarsu, tsakanina da ita mutum shida ko bakwai. Ina hango farin mayafinta. Ta zauna ƙiƙam kamar a gaban bagadi.

Ƙarfe biyu inji ya tashi a waje, aka saki tabarmar ƙofa, duhu ya rufe. Ba a jima ba hadarin yamma ya haɗo yadda ya saba a wannan wata, ruwa ya sauko a kan rumfar, yana yoyo nan da can, mutane na matsawa suna tsaki.

Tun farkon fim ɗin na ga ba yadda na san shi yake ba. Zane-zane sun cika ƙyallen, kamar a ciki ma ruwan ake yi. Mutum na bakin ƙofa, kafin ka ƙifta ido yana zaune a kujera, ba ka ga lokacin da ya taka ba. Mace ta fara magana, sai rabin maganar ya ɓace. Mutane na dariya, wani ya ce, "Wannan mutumin sauri yake yi, ko bashi ake binsa?" Ni ma na yi murmushi. Ban kawo komai a raina ba. Da ina da kai, a nan zan tashi in tsallaka igiyar in ce mata ta bar kyandir ɗin nan.

Sau uku aka tsaya canza faifai. A na huɗu matar ta fito da tulunta tana kuka. Na leƙa wajen Ammachi, na ga ta gane wurin, ta gyara zama. Matar ta sauke tulu. Ammachi ta sunkuya, ta kafa kyandir a yashi, ta kare shi da jikinta ta ƙyasta ashana.

Ashanar lokacin yaƙi ce, ga danshi. Ta farko ta karye. Ta biyu ta yi tartsatsi ta mutu.

Ƙyallen ya yi tsalle. Babu kwalekwale, babu ɓullowa daga gefe, babu baitin farko da na biyu. Fuskar Petru ce kawai ta faɗo ta cika ƙyallen, baki a buɗe, haƙorin nan a ɓalle, yana tsakiyar jan wata kalma. Muryarsa ta cika rumfar.

"Ammachi, ɗago!" na yi ihu. "Ɗago kai!"

Numfashi biyu, bai fi ba. Kafin ta ɗago, ƙyallen ya sake tsalle, sai ga wani tsoho mai gemu a cikin ɗaki yana yi wa ɗansa faɗa.

Ashana ta uku ta kama.

Na ga hasken ya haska haɓarta. Ta dubi ƙyallen, ta jira. Tsohon na ta faɗa. Ta juyo tana nemana a cikin duhu, ba ta gan ni ba. Sai ta dafa kafaɗar ta kusa da ita ta miƙe tsaye, da kyandir a hannu, ta ɗaga murya yadda take yi a filin coci.

"A maimaita!"

Rumfar ta fashe da dariya.

"A maimaita me, kaka? Faɗan?"

"Zauna, tsohuwa, kin tare mana!"

"Coci na can gaba, kin yi ɓatan hanya!"

"A maimaita!" ta sake cewa, amma muryar ta ragu.

Daga baya wani ya daka tsawa, ba da wasa ba: "Wuta! Wa ya kunna wuta? Ku kashe, za ta ƙone mu!" Mai tsaron ƙofa ya ratso mata yana taka ƙafafunsu, ya lashi yatsunsa biyu ya matse lagwanin. Ɗaya daga cikin masu kifin ta ja Ammachi ta zaunar da ita.

Saura faifai shida. Ta kalle su duka, ba ta sunkuyar da kai ba ko sau ɗaya, ko zai sake fitowa. Ni na san ba zai fito ba. Na zauna ina cusa yatsuna a cikin yashi har aka ɗage tabarmar ƙofa.

Na kai ta ƙarƙashin wata rumfar shayi ta fake, na ce ta jira ni. Na zagaya bayan sinimar inda ɗan ɗakin inji yake, na kwano. Mai injin na ta naɗe faifai, bai ko dube ni ba. A bakin ƙofa wani siririn mutum mai farar hula yana durƙushe yana jera gwangwanayen faifan fim a cikin akwatin ƙarfe. Na ji ana kiransa Biran. Shi ne kamfani ya haɗa da akwatin, duk inda fim ya je yana biye, a kansa yake kwana.

"Ikka," na ce, yadda muke kiran Musulmi in ya girme mu, "don Allah ina da magana."

"In tikiti ne an gama. In aiki ne babu."

"Tsohuwar nan da ta kunna kyandir, mahaifiyata ce."

Ya ɗago. "Au, kai ne ɗan mai kyandir! Zo nan in ga fuskarka. Ka san abin da ke cikin gwangwanin nan? Ya fi fetur saurin kama wuta. Tartsatsi ɗaya, da ni da kai da masu kifin nan duk mun zama gasassu. Ka kawo tsohuwa da wuta cikin rumfar ganye, kai da girmanka!"

"Na yi kuskure, ikka. Mai kwalekwalen nan, mai waƙa, ɗanta ne. Yayana. Ya rasu a Salem, ba mu ga gawarsa ba. Ta sunkuya kunna wuta sai ya wuce. A sake sa mata wurin kawai, ko babu kowa."

Biran ya juya gwangwanin da ke hannunsa. Ya leƙa ɗakin, ya yi wa mai injin magana da Tamil. Wancan ya amsa a gajarce ba tare da ya juyo ba.

"Ya ce an kashe inji, mai wurin ya kulle man injin ya tafi gida. Ko da bai tafi ba, jirgi ƙarfe biyar ne, gobe akwatin nan a Waikom zai kwana biyu, daga nan ban san ina ba." Ya sa gwangwanin a akwati. "Kuma ko inji na aiki ba zai mayar ba. An hana. Kamfani ya ce duk wanda ya sake mayar da wurin nan baya, a bakin aikinsa."

"Amma a Kochi an mayar. Baiti biyar ne, ikka, na gani. Ina sauran?"

"Ka gani a Kochi? To kai ma kana cikin waɗanda suka cinye shi." Ya zauna a gefen akwatin. "Ka yi ihu a maimaita, ko ba ka yi ba?"

"Na yi."

"Kowa ya yi. Ni ina tare da akwatin nan tun ranar farko. Duk garin da muka je, in aka zo waƙar nan sai rumfa ta tashi. Sau biyu, sau uku, a Kollam har sau biyar, da suka ce za su yaga ƙyallen. Zaren fim ɗin nan kuwa ba ƙarfe ba ne. Duk mayarwa sai haƙoran inji sun ci gefensa, in ya ci ya tsinke. In ya tsinke mai inji ya sa almakashi ya yanke wurin da ya lalace, ya manne bakin da baki, a ci gaba. Yau taƙi ɗaya, gobe kamu ɗaya. Faɗan tsohon nan mai gemu kuwa, ka gan shi lafiya lau, babu wanda ya taɓa cewa a maimaita shi." Ya buɗe hannuwansa ya gwada. "Abin da ya rage na yayanka bai fi kamu uku ba."

"Waɗanda aka yanke fa?"

"A ruwa ake zubarwa, saboda wuta."

"Babu wani akwatin?"

"Uku aka yi. Ɗaya ya ƙone. Ɗaya an kai wa mutanenmu da ke Malaya, ka ji yaƙin da ake yi can yanzu." Ya miƙe ya rufe murfin, ya sa kwaɗo. "Je ka, ɗan'uwa. Da ka kawo ta bara."

Na samu Ammachi inda na bar ta. Mai shayi ya ba ta benci, ta ƙi zama. Kyandir ɗin na hannunta, bakinsa kaɗai ya yi baƙi. Ta dubi fuskata.

"Na ji shi," ta ce.

"Eh."

"Mura yake yi. Muryarsa ta dishe."

"Injin ne, Ammachi, ya tsufa."

"Na san muryar ɗana. An sa shi waƙa da mura." Ta ƙulle kyandir ɗin a mayafi. "Kai ka gan shi?"

"Na gani."

"To."

Muka kama hanyar tashar jirgi a hankali, saboda santsi. Can na ce, "Ni na ce miki akwai lokaci."

"Ashana ce," ta ce.

Jirgin ƙarfe biyar shi ne mai bi ta gaɓarmu kafin ya miƙe Waikom. Ya cika da 'yan kasuwa, kwanduna, buhunan rogo, akuya biyu. Ruwa ya koma yayyafi, an saki tamfol ta gefe ɗaya. Benci duk an zauna, Ammachi ta tsaya ta riƙe ƙarfe ni ina tallafe da ita. Can ciki na hango Biran zaune a kan akwatinsa, ya share fili kewaye da shi, yana korar duk mai taba a baki.

"Kai mai gashin baki, can baya da hayaƙinka! Matarka ba ta gaji da kai ba tukuna."

Jirgi ya tashi. Na kau da kaina don kada ya ga kamar roƙo na biyo shi da shi. Mun yi nisa kaɗan sai na ji ƙarar kwaɗo. Ya sauka daga kan akwatin ya buɗe, yana fito da gwangwanaye yana duba lambar da ke jikinsu, yana mayarwa. Ya gama ya bar murfin a buɗe. Ya ja wani buhun rogo da ba nasa ba ya ajiye daf da akwatin, mai buhun ya fara magana, Biran ya harare shi, mutumin ya haƙura.

"Faifai na huɗun ne a sama," ya ce, ba ni ya kalla ba, ba ita ba. Ya zaro taba daga bayan kunne ya ratsa mutane ya tafi can ƙarshen jirgin inda tamfol bai kai ba.

Na kai Ammachi na zaunar da ita a kan buhun. Ta daɗe tana kallon gwangwanin, mai tsatsa ne, ya lotsa ta gefe ɗaya. Ta sa bakin mayafinta ta share ɗigon ruwan da ke kansa, ta ɗora tafin hannunta. Leɓenta ya fara motsi. Matan da ke kusa suka rage murya, ban san me suka fahimta ba.

Tafiyar ta kai rabin awa. Da jirgi ya rage gudu a gaɓarmu na taɓa kafaɗarta, ta ɗauke hannun. Biran ya dawo, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya rufe murfin ya sa kwaɗo ya hau ya zauna, yana yi wa mai akuya faɗa ta taka masa ƙafa. Na riƙe Ammachi muka taka katakon muka sauka, jirgin ya ja baya ya wuce.